TSEGUMI: Romon Juji Ya Gangara Kubanni, Biro Ya Gagari Dattawa

Ku matso kusa, ku rage murya, don a Birnin Zazzau ko katangar zaure tana da suruki a hukuma.

Zancen da ke zagaya majalisun dare tun da damina ta kankama, daga Kwarbai zuwa Kaura har ya fita Ƙofar Doka, na wata takardar koke ne. Wai an rubuta ta, wani malamin makaranta ya gyara mata Turanci, an buga ta a shagon kwamfuta shafi biyu cif. Buƙatarta ba ta da yawa. A tare baƙin ruwan nan da ke tsatsowa daga gindin juji yana bin lambatu zuwa rafukan Kamaca da Kubanni, sannan duk wanda zai buɗe wurin jibge shara a bakin rafi ya fito da takardar izininsa jama'a su gani da idonsu. Duk wanda aka karanta wa sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi an yi magana." Da an miƙa masa biro sai ya tuna bai yi isha'i ba.

Ga wanda bai san ruwan da ake nufi ba, watau wanda Allah ya ajiye a GRA, ga yadda ake dafa shi. Ruwan sama ya sauka a kan tsibin shara, ya ratsa ruɓaɓɓen tuwo, da mataccen batir, da ƙunzugun jarirai na zamani, da tumbin da mahauta suka watsar, da ragowar magani da allurai, da tokar leda, sannan ya fito ta ƙasa baƙi ƙirin, da kauri, da wari mai hawa kai. Wani ya bi kwata, wani ya nutse ya tafi gaida rijiyoyin maƙwabta. A ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, kafin a zuba kwando ɗaya sai an daɓe ramin da yumɓu, an shimfiɗa roba mai kauri, an jera bututun da zai tara ruwan ya kai shi matata. Ko an tace ma ba a sakinsa cikin rafi sai da lasisi, kuma a kan lasisin nan ne mutanen gari ke tashi su cika zauren taro, su ɗauki lauya, a yi ta fafatawa shekara da shekaru. Mu nan an hutar da mu wannan wahalar. Jujinmu ƙasa ce shimfiɗarsa, sama ce rufinsa, kuma bai taɓa zuwa ofishin kowa neman izini ba.

To me ya hana sa hannu? A nan naman yake.

Birnin nan da ƙasarsa aka gina shi. Ganuwa, da soraye, da katangun gidajen kakanninmu, duk daga rami aka haƙo su, shi ya sa da wuya ka sami unguwar da ba ta da kududdufinta. Kududdufin nan shi ke shanye ruwa idan an kwana ana mamako. A bakinsa ake wanke doki, agwagi su yi iyo, yara su kama tarwaɗa a zane su da yamma. Sai zamani ya zo aka gano cewa rami ma fili ne, muddin za a cike shi. Cikon jar ƙasa kuwa tifa-tifa ake saye, da tsada. Shara kyauta ce, har godiya ake yi wa mai karɓa.

Akwai wani dillali, ba zan faɗi unguwarsa ba, amma hularsa kullum a karkace take kuma ba ya wuce ɗaurin aure. An ce shi ke ba masu baro ɗan na goro su karkata akalar sharar unguwa uku zuwa rami guda. Damina ta zo ta danne, rani ya zo a cinna wuta, hayaƙi ya shiga ɗakin tsofaffi masu asma, a sake lodawa. Bayan 'yan shekaru sai a yayyafa jar ƙasa a sama, a kafa turaku huɗu, ga fuloti a tsakiyar birni. Mai saye ya zo da murna ya kafa tubali, ya haƙa rijiya a tsakar gida, daidai kan abin da unguwa ta shekara goma tana zubarwa. Ruwan saman da dā kududdufin ke shanyewa kuma ya rasa masauki, ya kwashi ƙazantar ya shiga gidajen da ke gangare. To wannan dillali, in ji tsuntsuwata, ƙanin matar mutumin da ya fara kawo shawarar takardar ne. Kun ga inda gizo ke saƙar. Mai gida ya rubuta koke da rana, da dare aka ba shi tuwo babu man shanu, da safe ya ce a bari tukuna a ƙara nazari.

Aka ce to a fara da liman, ai in ya sa kowa zai sa. Samari suka je suka durƙusa: "Allah gafarta Malam, albarkar hannunka muke nema a layin farko." Malam ya shafa gemu ya ce shi a wannan lamari mamu ne, dattawa su shige gaba. Aka je wa mai unguwa: "Ranka ya daɗe, ga abin da talakawanka suka yanke." Ya ce madalla, amma shi ba ya motsi sai ya ji daga sama. Kansila da aka tare shi a bakin masallaci ya riƙe hannun babban cikinsu ya ce, "Haba Kawu, ni da kai? Ka bari a wuce zaɓe, da kaina zan kai ta." Wani Dakta da ke koyarwa a Samaru, wanda a bakinsa aka fara jin sunayen gubar da ke cikin ruwan, ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, amma a shirye yake ya ba da shawara a bayan fage. Bayan fagen nan ya cika maƙil, gaban fage ne babu kowa.

Ni dai ban ga tsoron hukuma a nan ba, ko kuma ba shi ne babba ba. Zumunci ne ya ɗaure hannuwa. A cikin ganuwa, in ka kai ƙarar juji, mutum ka kai ƙara, kuma mutumin nan gobe za ku haɗu a wurin suna, jibi ku ɗauki makara tare. Bazazzagi zai iya yi maka muhawara a kan nahawu har asuba, amma ya rubuta sunansa a ƙarƙashin ƙorafin da zai taɓa ɗan gwaggonsa, sai dai a yi haƙuri.

Abin takaicin, doka tana bayan masu koken, su ne ba su waiwaya ba. Kuma ku ji abin da zai ba ku mamaki: dokar muhalli a ƙasar nan tsegumi ne ya haife ta. A 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka yi ta sauke gangunan guba, dubbai, a wani ɗan garin bakin ruwa mai suna Koko, a tsohuwar jihar Bendel, Delta ta yanzu. An ba mai filin hayar dala 100 a wata. Babu jami'in da ya ce uffan sai da ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya suka tsegunta wa jaridun gida. Nan take gwamnatin Babangida ta tashi tsaye, aka tilasta kwashe kayan, aka yi dokar hana shigo da sharar guba, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. A 1992 aka ƙara da dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli, kuma gina wurin binne sharar gari yana cikin ayyukan da tilas a yi musu wannan awo kafin a sa diga. Tsarin ya tanadi a baje rahoton kwana 21 na aiki, kowa ya je ya duba ya rubuta ƙin yardarsa. Yaran da suka tona asirin Koko ba su da mai unguwa a Italiya, shi ya sa biro bai yi musu nauyi ba.

Sai dai ƙofar nan ta kwana 21 an yi ta ne don masu takalmi. Sanarwar a jaridar Turanci take fitowa, rahoton kuma jibgegen kundi ne da ake ajiyewa a sakatariya da ma'aikata. Tsohuwar da ke dakan fura a Limancin Kona, wadda rijiyarta ce za ta fara canja ɗanɗano, yaushe za ta ji? Ban da haka, dokar tana magana ne a kan aikin da ke da mai shi. Jujin da ya tsiro da kansa, yau kwando gobe baro jibi tifa, wa za a ce ya kawo rahoto?

Masu hula a kan sharar kuwa ba su yi kaɗan ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. Jiha tana da hukumar kare muhalli ta KEPA. Tarayya ta kafa hukumar NESREA a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009. A 2021 gwamnatin El-Rufa'i ta ƙaro hukumar kula da birnin Zariya da kewaye. Sannan Birni da Tudun Wada suna ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Muciya suna ta Sabon Gari, Kubanni kuwa ba ta san iyakar kowa ba. Ta taso daga wajen Shika, ta ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda aka datse ta aka yi dam, ta gangaro ta bi ƙarƙashin gadar da ke haɗa Tudun Wada da Sabon Gari, ta faɗa Galma, Galma ta kai wa kogin Kaduna. Duk abin da na sama ya zubar, na ƙasa ne ke alwala da shi. An ce da aka tambayi masu takardar wa za a rubuta a kanta a matsayin mai karɓa, gardamar da aka yi ta fi ta sa hannun tsawo.

Tsofaffi in an zo nan sai su yi ajiyar zuciya su tuno duba-gari, mai gajeren wando da ke leƙa randa da ludayi, in ya ga tsutsar sauro mai gida ya kwana da sammaci. 'Yan bayansu su tuno zamanin Buhari da Idiagbon, da aka sa kowa shara da bulala. Na ji, amma duba-gari bai taɓa gamuwa da leda ba, kuma bulalar soja ta tara shara ne a bakin titi, ba ta faɗi inda za a kai ta ba.

Mu leƙa Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take nan. Ga cibiyar binciken sinadarai a Basawa, ga ta fasahar fata a Samaru. Da wuya a sami rafi a Arewa da aka ɗebi ruwansa a kwalba aka kai ɗakin gwaji kamar Kubanni da Galma. Ɗalibai sun yi digiri a kansu, malamai sun sami ƙarin girma, an auna dalma da sauran ƙarafa masu guba a ƙasar juji, da laka, da ganyen da ake nomawa a bakin rafi, an rubuta, an ɗaure da baƙin bango, an jera a kanta. Wanda bai ji sakamakon ba shi ne mai lambun da aka tsinki alayyahonsa aka tafi da shi. An ba ni labarin wani shehin malami da ba ya shan ruwa sai na gora, ko baki da shi yake kurkurewa, amma duk yamma sai ya tsaya da mota a bakin hanya ya sayi latas da karas masu sheƙi, an yayyafa musu ruwa suna ɗiga. Bai taɓa tambayar mai tiren daga ina ruwan yayyafin yake ba. Wataƙila ya san amsar, shi ya duba kundin.

Yanzu ga ɓangaren da masu takardar ba su so a faɗa. Ba kowa ke son a tare ruwan ba. Ku gangara fadama da rani ku gani. Lokacin da sama ta ɗauke, abin da ke gudana a wasu rafukan cikin gari yawancinsa ruwan kwatar gidaje ne, kuma da shi ake ban ruwan tumatir da kabeji da albasa. Mai lambu zai gaya maka baƙin ruwa ya fi fari ƙarfi, ganye ya fi yin kore, an rage sayen takin zamani da buhunsa ya gagari talaka. Wasu ma har kuɗi suke biya a kai musu tsohuwar ƙasar juji gona, a tsince leda da kwalba a watsa. Haka ake yi a Kano a bakin Jakara tun ba yau ba. Da wani saurayi mai zafin kai ya je yi wa wani dattijon lambu wa'azin guba, dattijon ya saurare shi tsaf, ya ce, "Ɗana, na ji. In kun tare wannan, wanne za ku sako mini?" Yaron ya dawo gari ba amsa. Ni ma da na juya tambayar ban ga laifin tsohon ba. Wanda ya ce a hana, ya zo da ruwan da zai maye gurbi.

Amma kar wannan ya sa a yi sakaci. Dalma ba ta da wari, ba ta sa gudawa a ranar, taruwa take a jikin yaro a hankali ta taɓa ƙwaƙwalwa. A Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito, sai da yara wajen 400 suka rasu, kuma likitocin agaji ne suka fara gano abin da ke kashe su. Ta ɓangaren gaggawa kuma akwai amai da gudawa, wadda a 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, akasari a jihohin Arewa. Hanyarta ɗaya ce, bayan gida ya sadu da ruwan sha, kuma kowa ya san abin da ake ƙullawa a baƙar leda a jefa juji da asuba a unguwannin da masai ya cika.

Za ku ce ai an kawo ruwan famfo. An kawo. Aikin ruwan Zariya da aka bayar tun zamanin gwamna Namadi Sambo, ɗan garin nan, an ƙaddamar da matatarsa mai lita miliyan 150 a rana a 2017, ga kuma dam ɗin Galma da tarayya ta gina a Kuzuntu ta ƙasar Kubau. An yi kiɗa an yi rawa. Amma ku tsaya a kowane lungu na cikin gari da hantsi ku ƙirga kurar 'yan ga-ruwa, jarkoki jere, za ku san rijiya da burtsatse ba su yi ritaya ba. A nan ne mata suka riga maza. Ba su rubuta komai ba, ba su nemi liman ba. Kawai dai an wayi gari a wata unguwa matan aure sun daina sayen ruwan wata rijiya da ke jingine da tsohon kududdufi. Ɗan ga-ruwa ya yi sallama, daga bayan labule a tambaye shi, "Malam, na ina ne?" In ya faɗi sunan wurin a ce a kai kasuwa. Cikin 'yan kwanaki masu kura suka canja mashaya, mai rijiyar kuma, wanda da can ko gaisuwar masu koke ba ya amsawa, an gan shi yana tambayar nawa ake kwashe juji da tifa. Wai har ya fara cewa gaskiya ƙazantar nan ta yi yawa, ya kamata hukuma ta duba.

Kwashewa kuma zuwa ina? Tambayar da ta kayar da Habasha ke nan. A 2016 birnin Addis Ababa ya buɗe sabon wurin binne shara a Sendafa, manoman yankin suka tashi suka tare hanya suka hana motoci shiga, don ba su yarda a mai da gonakinsu masai na birni ba. Hukuma ta koma zuba wa tsohon jujin Koshe da ya riga ya cika. A watan Maris na 2017 tsibin ya zabtare a kan gidajen talakawan da ke gindinsa, mutum sama da 100 suka mutu. Manoman Sendafa suna da gaskiyarsu, mutanen Koshe su suka biya. Duk ranar da aka ce za a fitar da sharar Birni waje, ƙauyukan da ke kewaye da mu, ta hanyar Jos ko ta Kaduna ko ta Birnin Gwari, su ma suna da rafi, suna da shanu, suna da bakin magana, kuma ba dukansu ke da suruki a cikin ganuwa ba. Su biro ba zai gagare su ba.

Na ƙarshe da ya shigo kunnena kafin a rufe shafi: wasu alhazai biyu, aminan juna a fili, kowanne ya aika yaronsa a ɓoye ya shinshino ta wace hanya za a kai juji in har an tashi fitar da shi. Na farko yana da gonaki a bayan gari, so yake ya sayar tun kafin wari ya karya farashi. Na biyu so yake ya saya da arha, don ya ji an ce in gwamnati ta karɓi fili tana biyan diyya. Yaran nasu sun haɗu a teburin mai shayi guda, kowanne yana ƙoƙarin tatsar ɗan'uwansa, kuma mutumin da ya biya musu kuɗin shayin, ya ce su gaida iyayen gidansu, hularsa a karkace take.